Abokiyar aikina 'yar China ta iya Turanci a takarda, amma a taro ba ta cewa uffan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Toronto, ƙasar Kanada. Akwai wata abokiyar aikina 'yar China daga lardin Hunan, akanta ce da ta san aikinta, shekararta huɗu da zuwa. In ta rubuta rahoto, da wuya ka sami abin gyarawa. Amma a taro ba ta buɗe baki, in kuma ta yi magana sai an ce ta maimaita. An yi ƙarin girma an tsallake ta. Yanzu tana so ta zuba kuɗi a irin kwas ɗin nan da ake cewa yana goge wa mutum lafazin ƙasarsu. Ta nemi shawarata, ni kuma ban san me zan ce mata ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce mata ta riƙe kuɗinta tukuna. Koyar da manya Turanci ita ce sana'ata, na kuma koyi Sinanci daidai gwargwado, saboda haka irin wannan baiwar Allah ba baƙuwa ba ce a ajina. Mafi yawan waɗanda suke zuwa suna cewa lafazinsu ne matsala, in ka saurare su da kyau sai ka tarar matsalar a wani wuri take.

A fara da inda ta fito. Ɗan China na zamaninta yakan fara Turanci tun yana firamare ko ƙaramar sakandare. Ya zauna jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, inda Turanci yake da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, ya shiga jami'a ya tarar da wata jarrabawar Turanci, CET-4, wadda aka fara a 1987. Dukkansu ƙarfinsu a karatu da nahawu da sauraro yake, magana kuwa ko dai ba a gwada ta, ko a ware ta gefe. Sinawan da kansu suna da sunan da suka laƙaba wa abin da wannan tsari yake haifarwa, suna ce masa Turancin bebe. Kamar dai wanda ya sauke littattafan nahawun Larabci a zaure, ya sauka a Jidda ya kasa cinikin tasi. Ilimin yana nan, bakin ne bai taɓa yin aiki da shi ba. Don haka ƙara mata wani aji na haddar kalmomi ko ƙa'idoji ƙari ne a kan abin da take da shi har ya yi mata yawa.

Sai batun lafazi. Akwai wasu masana biyu a Kanada, Murray Munro da Tracey Derwing, da suka yi gwaji a 1995 da masu jin Mandarin, wato Sinancin hukuma. Suka naɗi muryarsu suna Turanci, suka sa Turawa suka rubuta abin da suka ji, suka kuma ba da maki kan nauyin lafazin. Sai ga shi mutum yana iya samun maki mai nuna lafazinsa ya yi nauyi ƙwarai, amma an rubuta duk abin da ya faɗa daidai. Wato nauyin lafazi daban, gane magana daban. Kai ma shaida ne: kana Turanci da bakin Hausa, ɗan Indiya da ke gefenka yana yi da nasa, kuma aiki yana tafiya. Wanda ya koyi harshe bayan ya girma da wuya ya rabu da lafazinsa gaba ɗaya, duk wanda ya yi mata alkawarin haka kuɗinta yake so. Abin da za ta nema shi ne a gane ta ba tare da mai sauraro ya wahala ba, wannan kuma yana rataye a kan abubuwa kaɗan ne, waɗanda za a iya ƙirgawa.

Babbansu ƙarshen kalma. A Mandarin gaɓa tana ƙarewa ne da wasali, ko da "n", ko "ng", sai ɗan "r" a wasu wurare. Baƙaƙe biyu ko uku ba sa haɗuwa a jere. Turanci kuwa nan ne yake ajiye ma'anarsa: jam'i, da lokacin da ya wuce, da korewa, duk a wutsiyar kalma suke. Idan ta zo kan "asked" ko "costs" ko "months", abu biyu ne zai faru. Ko ta yanke wutsiyar, ko ta cusa wasali a tsakani, irin yadda mu muka mayar da "bread" burodi, "brake" birki. Cusa wasalin ba ya cika ɓata ma'ana, yankewar ita ce ɓarna. In ta ce "I check the invoice" tana nufin ta riga ta duba, manaja zai ji kamar yanzu za ta duba, ya ce to a hanzarta, ita kuma ta rasa me ta yi. A sashen kuɗi irin wannan ƙaramin abu yakan jawo a biya kuɗi sau biyu ko a ƙi biya.

Na fi ganin rikici a kan "can" da "can't". Mutanen Kanada da Amurka ba sa fito da "t" ɗin sosai, bambancin a wasali yake: na farko a gajarce suke faɗinsa har kamar ba wasali, na biyu kuma a buɗe, da nauyi. Ita kuma duka biyun iri ɗaya za su fito mata. Ba sai ta sha wahalar koyon wannan ba. Ta riƙa cewa "cannot" duk lokacin da take korewa, shi ke nan an wuce wurin. Haka "fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty". In adadin yana da muhimmanci, ta faɗe shi sannan ta bi shi da lambobi ɗai-ɗai, "fifty, five zero". Turawan ma haka suke yi a waya, ba wanda zai ga gazawarta.

Tunda akanta ce, bari in tsaya a kan lissafi, don nan ne mutane ba sa lura. Sinawa ba dubu-dubu suke tara manyan lambobi ba, dubu goma-goma suke yi, suna kiran dubu goma "wan". A wurinta 350,000 wan talatin da biyar ne, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kuma wan ɗari da ashirin. Sama da nan akwai "yi", miliyan ɗari, saboda haka biliyan ɗaya yi goma ne. To ka ga in aka tambaye ta adadi a tsakiyar taro ta yi jim, ba rashin sani ba ne, matsar da waƙafi take yi a ƙwaƙwalwarta kafin ta fassara. Masu kallo kuma sai su ɗauka ba ta riƙe lissafinta ba. Maganinsa mai sauƙi ne amma sai an jure: kullum da safe ta buɗe takardar lissafin da za ta yi aiki a kanta, ta karanta lambobi ashirin ko talatin da ƙarfi da Turanci, tana kallon waƙafi uku-uku, har ranar da za ta ga 2,450,000 bakinta ya riga tunaninta.

Akwai kuma nauyin murya a cikin jimla. Mandarin harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, nasu huɗu ne, kowace gaɓa da nata. Turanci ba haka yake tafiya ba. Yana zaɓar kalma ɗaya ko biyu a jimla ya danna su, sauran ya murƙushe. Kunnen Bature wannan dannawar yake bi don ya san inda batun yake. In ta ba kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida, kowace kalma za ta fito daidai, amma mai sauraro zai gaji, bayan minti biyu hankalinsa ya tafi. Kafin ta gabatar da wani abu, ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin kalma guda a kowace jimla, wadda in ita kaɗai aka ji an gane saƙon, ta ɗaga murya a kanta ta ɗan ja ta. Da farko za ta ji kamar wasan kwaikwayo take yi. A kunnen Bature daidai ne.

Sautin "th" da take kwana tana fama da shi a gaban madubi, ta bar shi. Jennifer Jenkins, wadda ta yi nazarin yadda waɗanda ba Turawa ba suke Turanci da junansu, ta nuna tun a shekarar 2000 cewa musanya shi da wani sauti da wuya ya hana fahimta. Abin da ya fi cancantar lokacinta, tunda daga Hunan take, shi ne "n" da "l". Mutanen yankin da na Sichuan sukan gauraya su har a Mandarin ɗinsu, yadda wasunmu suke yi wa "p" da "f". "Night" da "light", "no" da "low", "net" da "let". Wannan yana gyaruwa, domin na farko ta hanci iska take fita, na biyu ta gefen harshe. Ta toshe hanci da yatsu ta gwada: in sautin ya maƙale, "n" ne.

A nahawu abu biyu kawai zan sa ta sa ido. Na ɗaya "he" da "she". A magana Sinawa kalma ɗaya suke amfani da ita wa namiji da mace, "ta", a rubutu ne kawai suke bambantawa. Shi ya sa za ta fara labarin manaja mace da "she", ta koma "he" a jimla ta gaba, kowa ya shiga neman wane namiji ne ya shigo zancen. Kafin bakin ya saba, ta riƙa maimaita sunan mutum ko muƙaminsa. Na biyu kai ma ka san shi, don mu ma haka muke. In aka ce maka "Ba ka aika ba?" ka ce "E", kana nufin ba ka aika ba. Sinanci haka yake. Bature kuwa in ya ce "You haven't sent it?" ka ce "Yes", ya ji ka aika. Kada ta amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya har abada, ta cika ta: "I haven't sent it" ko "I sent it on Monday". Su "a" da "the" da take kuskurewa, waɗanda babu su a harshenta, ta bar wa rubutu, inda take da lokacin dubawa. A magana ba su taɓa hana kowa gane kowa ba.

Duk abin da na lissafa ana iya gyara shi cikin watanni. Abin da ya fi wuya, wanda kuma nake zaton shi ya hana ta ƙarin girma, shi ne shirun. Su Derwing da Munro ɗin nan sun bi wasu baƙi a birnin Edmonton har shekara bakwai, rukuni biyu, masu Mandarin da masu harsuna irin su Rashanci da Yukiren, suka fitar da sakamakon a 2013. Rukuni na biyu maganarsu ta ƙara sauƙin ganewa, ta ƙara gudu. Masu Mandarin kuwa, a dunƙule, ba a ga sun motsa ba. Gaskiya ne harsunan Turai sun fi kusa da Turanci, amma masu binciken sun karkata ga wani dalili: yawan shiga hira da Turanci da kuma yarda a yi magana ko da za a yi kuskure. Zaman ƙasa kaɗai ba ya koya wa mutum harshe. A Markham ko Scarborough a nan yankin Toronto, ko Richmond da ke kusa da Vancouver inda fiye da rabin mazauna 'yan asalin China ne, mutum zai yi cefane, ya ga likita, ya je banki, ya yi hira a WeChat, manhajar hira ta Sinawa, ya kwana bai furta jimlar Turanci ba. Ba laifi ba ne, kowa yana son nasa, mu ma a Sabon Zango na Accra ko unguwannin Hausawa na Sudan haka muke yi. Amma ta zauna ta ƙirga tsakaninta da Allah minti nawa take magana da Turanci a rana, magana da baki, ba karanta imel ba. Da yawa in sun ƙirga ba sa kai kwata.

To ina za ta sami wannan lokacin? Shirin gwamnati na koyar da baƙi Turanci, LINC, da aka kafa a 1992, kyauta ne ga masu takardar zaman dindindin, amma ƙarfinsa a matakan farko yake, ita ta wuce nan. Ɗakunan karatu na birnin Toronto suna shirya zaman hira da Turanci kyauta. Akwai ƙungiyar Toastmasters ta koyon magana a gaban jama'a, da aka kafa a Kalifoniya a 1924, wadda take da rassa a ko'ina, kuma a zamansu akwai wani ɓangare da ake jefa wa mutum batu ya tashi ya yi magana minti ɗaya zuwa biyu ba shiri, wanda shi ne ainihin abin da take tsoro. Amma wurin da ya fi duka shi ne teburin cin abincin rana na ofishinku. In ta saba cin nata a gaban kwamfuta, ko da 'yan ƙasarsu kaɗai, ka ja ta zuwa cikin jama'a kwana biyu a mako. Ka kuma gaya mata abin da ake hira a kai a nan: sanyi, hutun ƙarshen mako, wasan hoki, cunkoson babbar hanyar 401. Tambayar albashi ko shekaru ko aure, wadda a gida alamar kulawa ce, a nan takan sa mutum ya ja baya.

A gida kuma akwai atisaye guda da na fi yarda da shi, malaman harshe suna kiransa 4/3/2. Ta ɗauki batu daga aikinta, misali dalilin da ya sa kuɗin sufuri ya haura kasafi a wannan wata. Ta bayyana shi da baki cikin minti huɗu, ta sake cikin uku, ta sake cikin biyu, in da hali ga mutane daban-daban, in babu ta naɗa a waya. A zagaye na uku za ta ji "e-e" da tsaye-tsayen sun zube da kansu. Aikin ofis maimaici ne: rahoton mako, neman takarda daga wani sashe, bayanin kuskure, ƙin amincewa da wani adadi. In ta yi wa kowanne haka, ta rufe mafi yawan abin da za ta taɓa buƙatar faɗa.

Sai shiga magana a taro, wanda ilimi ne mai zaman kansa. An auna hira a harsuna goma aka tarar tazarar da ke tsakanin mai tambaya da mai amsa a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce kawai. Wanda yake jira a yi shiru, ya gina jimlarsa cikakkiya a zuci, ya duba nahawunta, kafin ya buɗe baki an wuce batu biyu. Ga tarbiyya kuma: an koya mata ba a katse babba, ba a musa wa shugaba a gaban mutane, ba a magana sai an tabbata, don kada a zubar da mutuncin kai ko na wani. Wannan mu ba sai an yi mana bayani ba, kunya da kara ne. Sai dai a ofishin Toronto shiru ba ladabi ake karanta shi ba, ana ɗauka mutum ba shi da abin faɗa. Jackson Lu na jami'ar MIT da abokan aikinsa sun nuna a 2020 cewa a Amurka 'yan gabashin Asiya, wato China da Japan da Koriya, ba sa kai wa shugabanci kamar 'yan kudancin Asiya irin Indiya, kuma abin da ya fi bayyana bambancin shi ne yadda mutum yake fito da ra'ayinsa ya tsaya a kai.

Abin yi a nan shi ne ta haddace 'yan mabuɗai, ta riƙa jefa su kafin ta gama shirya sauran: "Can I add something here?", "I see it differently", "Let me check and get back to you by three". Da ta faɗi na farko an ba ta fili, ta sami daƙiƙa biyu na tunani. Ta kuma ɗaura niyyar yin magana a cikin minti goman farko na kowane taro, ko da tambaya ce, domin duk yadda shiru ya daɗe haka karya shi yake ƙara nauyi. In ta samu filin, ta fara da hukuncin, dalilai su biyo baya. Al'adarsu, kamar tamu, a jero dalilai a share fage sannan a zo kan buƙata. Manajan Kanada in bai ji inda aka dosa a jimlar farko ba, zai katse ta kafin ta iso. Imel ma haka: abin da take so da ranar da take so a layin farko.

Kada kuma a ɗora mata kayan duka. A 1992 Donald Rubin ya sa ɗalibai a Amurka suka saurari lacca guda, muryar Ba'amurkiya, amma wasu aka nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga 'yar Asiya suka ce sun ji baƙon lafazi, suka kuma fi kasa gane abin da aka faɗa, alhali muryar ɗaya ce. Wani "ban gane ba" ɗin daga kunnen mai sauraro yake. Kai da kake cikin taron kana da abin yi. Ka nemi a riƙa tura ajanda tun kafin ranar. In an katse ta ka ce ba ta gama ba. In ta kawo shawara aka share, wani ya maimaita aka yaba, ka ce ai abin da ta faɗa ke nan ɗazu. Kada ka gyara mata Turanci a gaban mutane ko da wasa, za ta yi murmushi ta gode, ba za ta sake magana ba. Ku yi yarjejeniya ku biyu: bayan taro ka gaya mata wuri ɗaya da ka ga mutane sun ruɗe, ɗaya tak. Ita kuma ta je wurin manajanta ta tambaye shi kai tsaye me ake nema a matakin da aka tsallake ta, ta rubuta. In "sadarwa" ya ce, ta nemi misali, don kalma ce da ake fakewa da ita.

In bayan wata uku ko huɗu tana wannan har yanzu ana cewa ta maimaita, to sai ta nemi malami na ita kaɗai, ba aji mai mutum ashirin ba. Kafin ta biya ta tambaye shi ko ya taɓa koyar da masu Mandarin, ko zai naɗi muryarta tana bayanin aikinta ya nuna mata takamaiman wuraren da ake kasa gane ta, da kuma ko darasin zai tsaya a kan takardunta da tarukanta ne ko a kan littafinsa. Ta kuma leƙa sashen kula da ma'aikata kafin ta taɓa aljihunta, kamfanoni da yawa suna da kason horaswa da yake ƙarewa ba wanda ya nema.